Filin Anti Likita: Farar riga ɗaya, amma akwai 'yan mowa da 'yan bora

Masu tambayar maganin basir da ciwon gwiwa ku yi mini haƙuri, wannan watan na ture wasiƙunku gefe. Saƙo huɗu ne suka iso mini a jere, duk kuka ɗaya suke yi, kuma ba na ciwon jiki ba. Likitoci ne da iyayen masu son zama likita, kowa na tambayar abin da ya sa ƙofar da aka buɗe wa wani, shi da ya zo aka turo masa ita. Kamar yadda muka saba, na cire sunayen mutane da na asibitoci da makarantu.

Wariya ce, ko ni ne ban iya ba?

*Anti Likita, barka da ƙoƙari. Ni likita ne, a gida Najeriya na yi karatu, shekarata huɗu ke nan a Ingila. Jarrabawar PLAB, wadda likitan waje ke ci kafin a ba shi lasisin aiki a nan, duka biyun zama ɗaya na yi musu. Tun zuwana aikin kwantiragi nake yi, na wata shida ko shekara, kwanan asibiti da ranakun hutu duk a kaina suke ƙarewa. Sau biyu ina neman gurbin horon ƙwarewa ban samu ba. Yaran da na koya wa sa allurar ƙarin ruwa sun shige gabana. Babban likitanmu ya rubuta a takardata cewa ina da ƙwazo amma ba ni da ƙarfin gwiwar magana. Wariya ake nuna mini, ko ni ne ban iya ba? Mahaifiyata ta ce in tattaro in dawo.*
*Ɗanki, daga arewacin Ingila*

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Tambaya biyu ka ƙulle a leda ɗaya. Wariyar tana nan, wannan babu ja. Akwai kuma abin da ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka. Bari in fara da ta farkon don ka daina kwana kana tuhumar kanka.

A shekarar 1993 wasu likitoci biyu a Ingila, Aneez Esmail da Sam Everington, suka gaji da jin ana cewa zargi ne kawai. Sai suka zauna suka haɗa takardun neman aiki bibbiyu, karatu iri ɗaya, gogewa iri ɗaya, suna ne kaɗai ya bambanta: wannan na Bature, wancan na mutumin Asiya. Suka aika wa asibitocin da ke cigiyar ƙananan likitoci. Mai sunan Bature ya ninka ɗan'uwansa wajen samun kiran intabiyu. Tukuicin farko da suka samu shi ne 'yan sanda suka kama su bisa zargin zamba, tunda sunayen na bogi ne, ko da yake maganar ba ta kai kotu ba. Kafin wannan ma, a 1988, hukumar yaƙi da wariyar launin fata ta ƙasar ta kama makarantar likitanci ta St George's da ke Landan da laifi. Shekara da shekaru suna tace masu neman shiga da wata manhajar kwamfuta da ke rage wa mace maki, ta kuma rage wa duk wanda sunansa bai yi kama da na Turawa ba. Abin da ke ba ni tsoro a labarin, kwamfutar ba ta ƙago komai daga kanta ba. An gina ta ne don ta kwaikwayi yadda malaman suka saba zaɓe da hannu, ta kuwa kwaikwaya tsaf.

Kada ka ce ai wannan tsohon zance ne. A 2013 Esmail ɗin nan dai, lokacin ya zama farfesa a Manchesta, ya binciki jarrabawar ƙarshe ta masu son zama likitan iyali, wadda ake yi da 'yan wasa masu kwaikwayon marasa lafiya. Ya tarar ɗan Asiya ko baƙar fatar da ya yi karatunsa a Birtaniya ya fi farar fata yiwuwar faɗuwa a zaman farko kusan sau huɗu. Ka lura, waɗannan benci ɗaya suka zauna da Turawan a makaranta. Wanda ya zo daga waje irinka kuwa, abin ya haura sau goma. Ƙungiyar likitoci 'yan asalin Indiya ta kai ƙara, a 2014 kotu ta ce ba a karya doka ba, amma alƙalin ya ce lokacin gyara ya yi. Sannan a 2019 wani rahoto da ita kanta GMC, hukumar da ta ba ka lasisi, ta sa aka yi, ya nuna cewa asibitoci sun fi kai mata ƙarar likitan da ba farar fata ba ninki biyu, wanda ya yi karatu a waje kuma ninki biyu da rabi. To ka ji. Ba aljanu ne ke yi maka raɗa ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa da jikina na koye shi. Watana na biyu a wani asibiti a can, muna zagayen safe a ɗakin yara, aka zo gadon wani yaro da zazzaɓinsa ya ƙi sauka kwana huɗu. Ina duba idonsa da tafin hannunsa, na kuma ji uwar ta ce mako biyu ke nan da dawowarsu daga Kumasi, na san inda aka dosa. Ni da na yi shekara shida ina ganin zazzaɓin cizon sauro safe da yamma! Babban likita ya ce, me kuke gani? Ina tsaye can baya, hannu a harɗe, kai a ƙasa, yadda aka tarbiyyantar da ni a gaban manya. Na ce a hankali, ko za a duba jininsa don maleriya. Bai ji ba, ko ya ji bai ɗauka ba. Wata yarinya da ke gefena, bara-bara ta gama makaranta, ta ɗaga murya ta maimaita abin da na faɗa. Ya juya ya ce mata madalla. Da aka zo cike mini takardar wata shida, ga abin da na gani: mai haƙuri ce, tana zuwa aiki a kan lokaci, amma ba ta da ta cewa.

Wata tsohuwar nas 'yar Jamaika ce ta ja ni ɗakin shan shayi ta turo ƙofa. Ta ce, "'Yata, a garin nan wanda ya sunkuyar da kai, ɗayan biyu ne a wurinsu: ko bai sani ba, ko yana ɓoye wani abu." Ranar na gane kunyar da ake yabona da ita a gida, ita ake zaftare mini maki da ita a nan. Da shi babban likitan ya damu, da ya tambayi kansa me ya sa duk baƙin da suka bi ta hannunsa ba su da ta cewa. Amma ban da lokacin jiran ya farga, kai ma ba ka da shi.

Don haka ka koma wurin wanda ya rubuta maka waccan magana, cikin ladabi amma ido cikin ido, ka ce ya ba ka misali: wace rana, a kan wane mara lafiya, me ya kamata ka faɗa ka yi shiru. In yana da misali, ka ƙaru. In ba shi da shi, daga ranar ya san ba a yi maka rubutun ganin dama. Sannan ka sauke takardar da ke bayyana yadda ake raba maki a fannin da kake nema, a fili take a intanet. Za ka ga kwanan asibitin nan da ke cin lafiyarka kusan ba shi da maki ko ɗaya. Makin yana wurin binciken ingancin aiki da suke kira odit, da koyar da ɗalibai wanda aka rubuta aka sa hannu, da gabatar da takarda a taro. Yaransu tun suna tsakiyar makarantar likita suke tara waɗannan a fayil, domin yayyensu sun tsegunta musu. Kai kuwa an bar ka da dare, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaran da ka koya wa sa allura, akwai wanda ya taɓa rubuta maka shaidar kai ka koya masa? Daga gobe ka fara karɓa. Ka kuma nemi MANSAG, ƙungiyar likitocin Najeriya da ke Birtaniya, ka samu wanda ya riga ka haye kogin ya yi maka intabiyun gwaji. Gara ya yi maka tatas a falonsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙofar ta ƙara ƙunci. A 2025 ƙungiyar likitocin Birtaniya, BMA, ta ce sama da likitoci 30,000 ne ke kokawar gurbi kusan 10,000, kuma a shekarar ce gwamnati ta faɗa a shirinta na lafiya na shekara goma cewa za ta fifita waɗanda suka yi karatu a ƙasar. Wannan ko ba komai an faɗe shi a fili, ka san da abin da kake kokawa. Akwai hanya ta biyu ta zama konsoltan, wato babban likita ƙwararre, ba tare da shiga layin horon ba, wadda a da ake kira CESR: ka tara hujjar cewa ka iya duk abin da mai horon ya iya, ka miƙa wa GMC. Doguwa ce, takardunta sun isa cika buhu, amma na san waɗanda suka fita ta nan.

Saura abin da ya fi kwana a raina. Ka san labarin Dakta Hadiza Bawa-Garba, babu likitan Najeriya a can da bai san shi ba. Ranar 18 ga Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara shida, Jack Adcock, ya rasu a asibitin Lesta sakamakon cutar da ta bi jininsa. Ita ce likitar da ke kansa. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ranar babu isassun likitoci har tana riƙe da aikin fiye da mutum ɗaya, kwamfutar da ke kawo sakamakon gwajin jini ta tsaya na sa'o'i, babban likitan da ke samanta kuma ya wuni a wani gari sai da yamma ya iso. Ta yi kurakurai, kuma wata uwa ta rasa ɗanta, wannan ba abin sharewa ba ne. A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta yanke mata ɗaurin shekara biyu da aka jingine. A Janairun 2018 GMC ta je babbar kotu ta sa aka goge sunanta daga rajistar likitoci. Likitoci suka yi karo-karo suka tara sama da fam 300,000, a watan Agusta kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan hukunci aka mayar da sunanta. A Ingila ta yi karatun likitanta, duk da haka da abu ya ɓaci, ita da wata nas 'yar Fotugal aka ɗora wa kayan, babban likitan ko tuhuma ba a yi masa ba. Babu kotun da ta ce launin fatarta ko lulluɓinta ne sanadi. Ni dai har gobe na kasa yarda cewa da wani suna ne a jikin rigarta da abin ya kai haka.

Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Duk ranar da ka shiga aiki ka tarar kai kaɗai ne a wurin mutum uku, rubuta wa na sama da kai saƙo nan take, da lokaci da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Duk shawarar da babba ya ba ka ta waya, sa ta a fayil ɗin mara lafiya da sunansa. Kuma kada wata ya wuce ba ka biya kuɗin ƙungiyar da ke tsaya wa likita a shari'a ba, ko da sai ka rage abin da kake aikowa gida.

Batun dawowa tsakaninka ne da mahaifiyarka da istihara. Ni na dawo bayan shekara tara, ban yi da-na-sani ba. Sai dai kafin ka sayi tikiti, karanta wasiƙun da ke biye.

An ce in kawo kuɗi a samo mini gurbi

*Anti, wata goma sha ɗaya ke nan da rantsar da mu, har yau ban samu wurin yin hausjob ba, wato aikin koyo da sabon likita ke yi a asibiti kafin ya samu cikakken lasisi. 'Ya'yan manya a ajinmu ko wata guda ba su yi a gida ba. Wani ya ce in kawo naira dubu ɗari biyar, ya san wani. Baba ya ce zai sayar da sansa na noma.*
*'Yarki, daga Gusau*

'Yata, ki ce wa Baba ya bar sansa, damina na tafe. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wannan kam haka yake, ba zan ce miki abokan karatunki duk sa'a ce ta kai su ba. Amma mai "na san wani" sau tari aljihunsa kaɗai ya sani, in ya cinye kuma ba ki da bakin kai ƙara, don ke ma kin ba da cin hanci. Tushen matsalar lissafi ne: makarantu na yaye likitoci fiye da guraben da aka amince wa asibitoci su ɗauka, duk inda abu ya yi ƙaranci kuwa 'yan mowa ke fara ɗiba. Don rage wannan ne aka mayar da rabon guraben asibitocin tarayya hannun MDCN, hukumar rajistar likitoci, ta shafinta na intanet. Ki riƙa leƙa shi kullum har da tsakar dare, ki cire rai da manyan asibitocin da kowa ke rububi. Gurbi ya buɗe a Yobe ko Ebonyi, ɗauki jakarki. Lasisin wucin gadin da ke hannunki na shekara biyu ne, kin ci kusan rabi. Asibitocin jihohi da na soja da na mishan da aka amince da su ma suna ɗauka. Rubuta musu, ki kai da ƙafarki.

Haihuwar Jos, amma an ce ba 'yar nan ba ce

*Hajiya Likita, assalamu alaikum. Kakan maigidana haƙar kuza ta kawo shi Jos tun zamanin Turawa. A nan aka haifi surukina da maigidana da 'ya'yanmu. 'Yarmu ta ci 291 a JAMB, sau biyu tana neman likitanci ana tura ta wani kwas. Ƙawarta mai 260 ta samu. Takardar shaidar ɗan asali ba a ba mu a nan, garin da kakan ya fito kuma mun je, mai unguwa ya ce bai san mu ba. Ina za mu sa kanmu?*
*Maman 'yan biyu, Jos*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara warware miki abin da ya faru tsakanin 291 da 260. Jami'o'in tarayya kashi uku suke raba gurabensu: 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka ce an bari a baya a ilimin boko. Ita kuma MDCN ta ƙayyade wa kowace makarantar likita adadin ɗaliban da za ta ɗauka. A ce 100 aka ba su, kujera 45 kacal ake kokawa a kai da zallar maki, duk faɗin ƙasar nan. Sauran 55 sai an duba jihar da ke rubuce a takardarka. Sannan ba makin JAMB kaɗai ake dubawa ba, ana haɗa shi da jarrabawar tantancewa ta jami'a da sakamakon sakandare. Mai yiwuwa 'yarki da ƙawarta ba layi ɗaya suka bi ba.

Ni ba na cikin masu tsine wa wannan tsari, kuma in faɗi gaskiya, ban da tabbacin cewa ba ta cikinsa ni ma na shiga ba. Legas na da likitocinta baƙar fata tun kafin 1900. Arewa kuwa sai wajen 1940 ta samu na farko, Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa da ya yi karatu a Birmingham, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. An fara koyar da likitanci a Ibadan a 1948, Zariya sai 1967. Tazara irin wannan ba ta cikewa da addu'a kaɗai. Inda nake da ja shi ne ma'aunin. Tsarin ba ya tambayar wace makaranta yaro ya yi, ko da fitilar ƙwai ya yi karatu. Yana tambayar ina kakan kakansa ya fito. Shi ya sa ɗan kwamishina da ya yi makarantar kuɗi a Abuja zai je ƙauyen da bai taɓa kwana ba ya karɓo takarda, ya zauna a kujerar da aka ware don ɗan manomin ƙauyen. Irin 'yarki kuma ta faɗa tsakani, nan an ce baƙuwa ce, can an ce ba a san ta ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma a aikace sa hannun wani a sakatariyar ƙaramar hukuma ya fi sashen ƙarfi.

Kafin mu cika baki da abin da ake yi mana a Jos, laifi tudu ne. Akwai wani ɗan ajinmu Bayerabe, haihuwar Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gishiri, shi ke fassara mana karin maganar tsofaffi a ɗakin marasa lafiya. Da muka gama, jihar da aka haife shi ta ɗauke mu aikin dindindin da fansho, shi aka ba shi kwantiragin shekara biyu-biyu. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu, har da ni. Yanzu yana Saudiyya, alhazanmu ma ta hannunsa suke bi.

Abin yi a bana: duk wanda aka ba gurbi ta shafin JAMB mai suna CAPS yake bi, tun 2017. Kada ta danna amincewa da kwas ɗin da ba ta so don ruɗewa, in ta danna magana ta ƙare. In ta ga wanda bai kai ta ba ya shiga ta layin maki zalla, ta rubuta wa JAMB ƙorafi da lambarta. Ku faɗaɗa zaɓi, akwai sababbin jami'o'in kimiyyar lafiya na tarayya a Azare da Otukpo da Ila-Orangun, amma kowace makaranta ce ku fara tabbatar da MDCN ta amince da ita, ta gida ce ko ta waje. Takardar asali kuma kada ku sayi ta bogi, ranar da aka tono ta digirin ma yana iya tafiya. Ku koma garin kakan da dattijo mafi tsufa a danginku, wanda zai iya kiran sunan gida da na unguwa da wanda ya auri wa. Mai unguwa bai san ku ba, amma da wuya a rasa tsohuwar da ta san wanda ya tafi Jos bai dawo ba.

"Yaushe za ki sake haihuwa?"

*Anti Likita, tiyata nake son ƙwarewa a kai, na ci jarrabawar share fage. Na shiga intabiyu na tarar da maza biyar. Tambaya ɗaya suka yi mini a kan tiyata, sauran duk a kan gidana: mijina ya yarda in riƙa kwanan asibiti, 'ya'yana nawa, yaushe zan sake haihuwa. Ɗaya ya yi dariya ya ce mace ai sai ɓangaren yara. Ba a ɗauke ni ba. In haƙura in sauya fanni?*
*Ƙanwarki, daga Bauchi*

Ƙanwata, kada ki sauya. In kin ga dama ki koma ɓangaren yara don kina son yara, ni ma can nake, amma ba don dariyar wani ba.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A 2018 jami'ar likitanci ta Tokiyo a Japan ta amsa da bakinta cewa ta fi shekara goma tana rage wa mata maki a jarrabawar shiga, kuma hujjar da aka bayar ita ce wadda aka jefe ki da ita: za su yi aure, su haihu, su bar aiki. Namu ma har da ƙarin abin dariya. Mutumin da zai tayar da jijiyar wuya a asibiti ya ce namiji ba zai taɓa matarsa ba, a kawo mace, shi ne kuma zai ce 'yarsa ko matarsa ba za ta kwana a asibiti ba. To daga sama za a sauko masa da likitar?

Tun abin bai gushe miki ba, zauna ki rubuta tambayoyin da aka yi miki ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya yi kowacce. Ki rubuta wa shugaban kwamitin horo takarda mai ladabi, ki nemi a nuna miki makinki da inda kika gaza. Sau da yawa ba za a amsa ba, amma takardar za ta shiga fayil, kuma za a tuna da ita ranar da kika dawo. Ki nemi reshen ƙungiyar likitoci mata, MWAN, na jiharku, ki laluɓo mace ko ɗaya da ta gama tiyata ta riƙe miki hannu. Ki duba wa'adin jarrabawar da kika ci, ta kwalejin horon ƙwarewar likitoci ta ƙasa ce da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, kada ta mutu a hannunki kina jiran asibiti ɗaya. In aka sake jefo miki tambayar, kada ki yi fushi, kada ki yi dogon bayani. Ki ce, "Ranka ya daɗe, gidana na shirya shi, a tambaye ni tiyata."

Abin da ya sa na nace a kan maki a rubuce, zan faɗa miki, ko da yake ba daɗi. Shekarun baya na zauna a irin wannan kwamiti, ni kaɗai ce mace cikin mutum shida. Wata yarinya ta shigo, cikinta ya fara turo hijabi. Ta amsa tambayar ciwon shawara na jarirai tiryan-tiryan, har da abin da ni kaina sai da na yi tunani. Shugaban zama ya gyara tabarau ya ce, wa zai riƙe miki kwanan asibiti in kin haihu? Ta kalle ni. Na san kallon, na taɓa yin irinsa. Na sunkuyar da kai ina juya biro. A lokacin ni ke tsara jadawalin kwanan asibiti, mata biyu suna hutun haihuwa, ni da kaina ina cike gurbinsu dare uku a mako, bayana kamar zai ɓalle. Da aka zo sa maki, inda ya kamata in rubuta 8 na rubuta 6. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya tambaye ni dalili, takardar ma ba ta da gurbin rubuta dalili. Da maki ɗaya da ɗoriya ta rasa.

Bara na haɗu da ita a wani biki. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce Anti ai ba ta manta ni ba, ni ce na yi mata murmushi ranar intabiyu. Tana wani ƙaramin asibitin kuɗi, ba ta sake neman horon ba. Yarinyar da ke cikin nan tana aji uku a firamare, ta kawo ta ta gaishe ni. Na ba ta naira dubu na sayen alawa. Ban gaya wa uwar komai ba. Ta ce mini tana karanta wannan fili duk wata.